Mawaƙin da Ya Ƙi Amshi: Kira ga Matasanmu da Masu Tantance Su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, game da sana'ar da na yi furfura a cikinta. Ni makaɗi ne. Na fara da amshi a bayan wani mai kukuma a Tudun Wada ta Zariya tun ina saurayi. Da fiyano ya shigo tare da waƙoƙin fim, na je na koye shi. Yau ina da ɗan sitidiyo da ƙungiyar da ke zuwa biki da suna. Saboda shekarun nan, idan za a tantance sababbin mawaƙa ko makaɗa, a wurina ko a wurin abokan sana'a na Sabon Gari da Samaru, akan kira ni in zauna cikin alƙalai.

Malam Edita, muna asarar yara masu baiwa a wajen wannan tantancewa, kuma ba rashin murya ke kayar da yawancinsu ba. Girman kai ne, nasu da namu.

Bari in fara da nasu. A hunturun da ya wuce an sa ranar gwaji a wani sitidiyo. Yara sun cika tsakar gida tun da hantsi, wasu daga Kwangila, wasu daga Wusasa, wasu sun biya kuɗin mota tun daga Giwa da Soba da Maƙarfi. Can bayan azahar sai ga wani saurayi da tawagarsa, biyu suna ɗaukarsa a waya, ɗaya yana riƙe masa da gorar ruwa. Babu sallama, sai ɗaga hannu. Ya ratsa waɗanda suka wuni a layi ya shigo ɗaki, ya dube ni ya ce, "Baba, ni fa ba gwaji na zo ba, na zo ne ku ji ni." Na ce, "Madalla, ɗana, to mu ji ka." Ya miƙo waya a sa waƙar da ya riga ya ɗauka ya riƙa bin ta da baki. Muka ce a'a, da bakinka muke so, ga mai fiyano nan, ga mai kalangu.

Wallahi Allah ya ba yaron nan murya. Tana da gardi, tana da faɗi, duk wanda ya zo ranar babu mai irinta. Amma yana da ciwo biyu. Yana riga kiɗa a farkon kowane ɗango, wato layin waƙa, kuma idan waƙa ta hau sama sai muryar ta ɗan kasa kaiwa inda kiɗa yake. Abu ne da wata ɗaya ko biyu na horo za su gyara. Na ce masa, "Ɗana, dakata ka ji kalangu ya sauke kafin ka shiga." Sai ya juya ya nuna mai fiyano, mutumin da ya isa ya haife shi, ya ce, "Wannan ne bai iya ba. Inda nake ɗaukar waƙa ba a taɓa ce mini haka ba."

Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa ce masa ba. Dalili kuwa shi ne kwamfuta ta ɗauke wa kowa nauyin faɗa. Akwai manhajar da ke jawo muryar da ta kauce ta mayar da ita kan hanya, injiniya kuma yana iya yanke layin da aka shiga da wuri ya matsar da shi daidai kan kiɗa. Yaro ya biya kuɗinsa, ya karɓi waƙarsa tsaf, ya sa a TikTok, mutane suka yi ta yabo. Bai taɓa jin muryarsa yadda Allah ya halicce ta ba. Mu kuwa masu zuwa biki mun san ranar da janareta zai mutu ana tsakiyar kamu, iyayen amarya sun zuba ido, babu lasifika, babu fiyano, sai kai da maƙogwaronka da mai kalangu. Ranar ce muke tanadi idan muka ce wa yaro ya rera babu ado.

Ban yanke ƙauna a kansa ba sai da na yi masa gwajin da nake yi wa kowa. Na kira wani yaro daga layi na ce ya ja waƙa, shi kuma ya amsa masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ni ba ɗan amshi ba ne." Ya juya, tawaga ta bi shi. Har yau ina jin takaicin yaron nan a raina.

Na san abin da matasa za su ce, domin sun sha faɗa mini a fuska: ai waƙa ba ta yiwuwa sai da ji da kai, Shata ma ya wasa kansa. Haka ne. Shata yana da Bakandamiyarsa, Narambaɗa ma yana da tasa, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun yi laifi. Kirari gadonmu ne. Ɗan dambe yana yi, maharbi yana yi, mawaƙi yana yi, wanda kuma ba ya iya tsayawa gaban taro ya ce ga ni, ba zai yi nisa a sana'ar nan ba. Sai dai ku duba inda suke yin kirarin. A cikin waƙa suke yi, kiɗa na tashi, a gaban jama'ar da ke da ikon gaskatawa ko watsewa su bar mutum shi kaɗai. Kirarin kansa aikin fasaha ne, an tsara shi, an auna shi da kiɗa, shi ma gwaji ne na iyawa. Sannan ku sake saurarar faifan manyan nan da kunnen basira. Akwai mutane a bayansu da ke riƙe da gindin waƙa tun daga farko har ƙarshe, jagora kuma yakan kira sunayen makaɗansa da 'yan amshinsa a cikin waƙa, ya yaba musu kowa na ji. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Samaru ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya riga ya shafe shekara fiye da 40 yana waƙa. Yaron da ya yi waƙa uku yana so a yi masa tarbar da aka yi wa wancan.

Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gidan kiɗa aka haife shi. Ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan yayansa Kurna, sai da ya manyanta sannan ya ja tasa ƙungiya. Wa zai ce amshin nan ya rage shi da wani abu? A nan Zariya mun zauna da marigayi Hassan Wayam, mun ga yadda kukuma da kalangu da bakin 'yan amshi ke tafiya tare har ba ka iya raba su. Wanda kuma ya taso a cikin birni ya san busar da ake yi a ƙofar fadar Zazzau daren Juma'a. Yaron gidan masu algaita yakan daɗe yana ɗaukar kaya yana bin iyayen gidansa, yana koyon yadda ake cika kumatu da iska a shaƙi numfashi ta hanci busa ba ta yanke ba, kafin a bar shi ya busa inda Sarki zai ji. Masu kakaki kuma tare suke ɗagawa, tare suke saukewa. Wanda ya ce sai an ji nasa fiye da na sauran, taken gaba ɗaya ya ɓata.

Mutane suna ɗauka amshi maimaita magana ne kawai. Ni da na yi shi na san makaranta ce. A nan kake koyon shiga a kan lokaci, ko ƙiftawar ido ba ka riga ba, ba ka makara ba. A nan kake koyon sassauta muryarka ta narke cikin ta 'yan'uwanka, ko da ka san taka ta fi tasu daɗi. Kai ne kake riƙe wa jagora waƙa ya sami numfashi ya tuno baitin da zai kawo, idan kuma ya yi tuntuɓe kai za ka rufa masa asiri da amshi har ya miƙe, taro bai sani ba. Kana tsaye a baya kana ganin wanda ya shigo fili, kana jin yadda maigida ya jero masa iyaye da kakanni, kana ganin lokacin da ya kamata a tsawaita da lokacin da ya kamata a dire. Maigidana ba ya yi mana dogon bayani. Idan ka kauce, ido kawai zai zuba maka yana ci gaba da goga kukumarsa, ka san da an tashi akwai magana. Mun ji zafi a lokacin, amma duk abin da nake ci da shi yau daga tsayuwar bayan nan na samo shi.

Wannan makaranta ta kusa rufewa. Yau yaro da waya da 'yan dubbai a aljihu zai shiga sitidiyo da la'asar ya fito da waƙa kafin isha'i. Ba na baƙin ciki da wannan sauƙi, ɗan talaka ya sami ƙofa. Amma ya zama zaman tantancewa shi ne kusan wuri ɗaya da ya rage inda wani zai dubi yaro ya gaya masa gaskiya game da muryarsa. Idan ya zo wurin da kunnensa a toshe, ina kuma zai ji?

Malamanmu suna karanta mana hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, cewa wanda ke da girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani mutum ya ce, ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Da wannan ma'auni nake zama a kujerar alƙalanci. Ban damu da baƙin tabarau ba, ban damu da askin zamani ko sarƙar wuya ba. Yaro ya yi adonsa, mawaƙi ne. Abu biyu nake dubawa: idan an gyara masa yana karɓa, kuma yaya yake kallon mai kiɗa da waɗanda ya tarar a layi.

Da wannan ma'aunin ne kuma na gane cewa ba duk mai sunkuyar da kai ne mai tawali'u ba. Akwai waɗanda za su durƙusa har ƙasa, "Baba, Baba, Allah ya ƙara girma," ka yi musu gyara su ce "to, to," su sake rerawa yadda suka yi da farko, harafi bai canja ba. A ransu sun riga sun yanke cewa tsohon nan bai san zamani ba. Ni a wurina gara mai tawagar can, shi aƙalla na san inda muka tsaya da shi.

Akwai kuma wata yarinya ɗaliba da ta zo daga Samaru tare da yayanta. Ta tsaya kanta a ƙasa, ta ce, "Ni dai ban iya ba, ƙawayena ne suka matsa mini." Ta rera muryar ba ta wuce bakin hijabinta ba. Wani daga cikinmu ya ce ga tarbiyya, ga kunya. Na ce masa wannan tsoro ne, kuma idan muka yaba mata a kansa mun cuce ta. Aka rage mutanen ɗakin, wata mawaƙiya daga ƙungiyarmu ta tsaya kusa da ita ta ja waƙa ta ce, "Ƙanwata, amsa mini." Da ta ji murya a gefenta sai tata ta buɗe, muka ji abin da ya kusa wuce mu. Iyaye da malamai su ji wannan: idan muna koya wa yara ladabi, kada mu haɗa musu da raina baiwar da Allah ya ba su. Wanda ya zo gwaji ya ɓoye abin da ya iya bai taimaki kansa ba, bai taimaki masu nema ba.

Wanda na fi so in ba da labarinsa shi ne wani yaron tela daga wajen Ƙofar Doka, wanda ya koyi rera waƙa a Islamiyya. Ya yi sallama, ya gaishe mu, ya gaida mai kalangu da mai fiyano, ya faɗi sunansa a fili, ya tsaya ƙyam ya saki murya har ana ji a waje. Muryarsa ba ta kai ta wancan saurayi ba, nesa ba kusa ba. Aka ce masa ya ɗauko waƙar daga sama, zai shaƙe kafin ya kai tsakiya. Ya ce, "Baba, a ɗan sake buga mini in ji." Ya rufe ido ya saurara, ya sake, ya gyara rabi. Ya nemi a ƙara, ya gyara saura. Sannan wani alƙali ya ce ya canja wata kalma a ƙarshen baiti. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, idan na canja ta amsa-amon zai karye, don duk baitocin da wannan sauti suke ƙarewa." Aka duba, gaskiyarsa ce, aka bar masa kalmarsa. Ya karɓi gyara inda ya kauce, ya tsaya a kan nasa inda yake da hujja, kuma bai ɗaga wa kowa murya ba. Shi muka ɗauka. Yanzu yana amshi a bayan jagoranmu, wani lokaci a tsakiyar biki akan sakar masa waƙa ɗaya ya ja.

To, Malam Edita, yanzu sai namu, kuma namu ya fi muni, domin mu ne manya, mu ke riƙe da ƙofa.

Za a ce wa yara su zo ƙarfe tara na safe, alƙalai ba za su iso ba sai rana ta take. Babu rumfa, babu ruwan sha, babu wanda zai fito ya ba su haƙuri. Yaro ya kwana yana bita, ya shigo gabansa na faɗuwa, ya tarar da mutum uku kowa kansa a kan waya. Bai gama ɗango na farko ba a ce "na gaba." Wasu sun mayar da abin kasuwa, suna sayar da fom alhali sun riga sun san ɗan wanda za su ɗauka. Na ga inda aka tuntsire wa yaro da dariya saboda Zazzagancinsa, wai bai bambanta "motan" da "motar" ba, a cikin garin Zazzau, a bakin mutanen da su ma da wannan harshe aka yaye su. Idan waƙar fim ce ake son daidaitacciyar Hausa, sai a gaya masa cikin mutunci ya gyara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabuwar ɗabi'ar ɗaukar bidiyon wanda ya kasa a watsa a intanet don a tara masu kallo. Yaron nan yana da uwa, yana da unguwa, gobe zai fita kasuwa. Ya amince da ku ya buɗe bakinsa a gabanku, kun mayar da shi abin dariyar duniya. Wannan ai shi ne raina mutane da hadisi ya ambata, babu ragi. Batun kiran 'yan mata gwaji su kaɗai da dare kuwa, duk mai yin sa ya ji tsoron Allah ya bari, ya zubar mana da mutuncin sana'a.

Ban manta da wani dattijo mai kalangu da aka kira wani sitidiyo ba, wai ana son kiɗan gargajiya a cikin wata waƙa. Ya zo da kalangunsa a rataye, ya zauna a dakali yana jira har la'asar. Da aka shigar da shi, saurayin da ke kan kwamfuta ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Baba, ɗan buga mu ji, ko da yake duk wannan muna da shi a ciki." Dattijon ya matse kalangu a hammata ya sassauta, ya buga taken mahauta, ya buga wa mai sitidiyon kirarin gidansu, kalangu yana hawa yana sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Mu da muke ji muka san magana yake yi. Saurayin ya ce ya yi yawa, shi bugu huɗu kawai yake so ya yanka ya riƙa maimaitawa. Aka ɗauki bugu huɗun. Dattijo ya rataya kalangunsa ya fita, babu wanda ya raka shi ƙofa, kuɗin mota ma sai da aka yi magana. Yaran da ke layi suna kallo. Daga wa muke tsammanin za su koyi girmama mai kiɗa?

Shi ya sa idan saurayi ya shigo mana da kafaɗa a sama nakan tambayi kaina ko wani wulaƙanci da ya sha a wani ɗaki irin namu ne ya koya masa shigowa da sulke. Ba na wanke shi, wanda ya zagi mai fiyano ya yi laifi ko me aka taɓa yi masa. Amma Hausawa da suka ce girman kai rawanin tsiya ba su ware alƙali ba.

Roƙona ga masu sitidiyo da shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa na Zariya shi ne mu zauna mu yarda a kan 'yan abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba. A fara a lokacin da aka faɗa. A ajiye waya. A bar yaro ya kai ƙarshen abin da ya shirya, ko ba zai ci ba. Wanda ba a ɗauka ba a gaya masa dalili guda ɗaya da zai je ya yi aiki a kai, kada a sallame shi da "za mu neme ka" alhali an san ba za a neme shi ba. A kuma sa dattijo ɗaya daga masu kiɗan gargajiya a cikin alƙalai, a biya shi yadda ake biyan kowa, domin kunnensa yana kama abin da namu ya saba wucewa.

Mu a namu ɗan wurin, bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu za mu sake zaman ɗaukar 'yan amshi da mai kalangu. Babu kuɗin fom, babu mai ɗaukar kowa a waya, 'yan mata su zo da wani nasu. Kowa zai fara amsa wa ɗan'uwansa waƙa kafin ya ja tasa. Saurayin nan na hunturu, idan wannan takarda ta isa gare shi ko ga wani da ya san shi, ina gayyatarsa ya dawo, da tawagarsa ma in ya so. Sharaɗi ɗaya ne, ya fara ba mai fiyano haƙuri.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ɗan amshi,
Tudun Wada, Zariya.